Laifi Tudu Ne: Rabuwar Indiya ta 1947 a Alƙalamin Marubuta Uku

Gabatarwa

Duk wanda ya sha kallon finafinan Indiya, kamar yadda Hausawa suka sha tun zamanin gidajen silima, ya san Dilip Kumar da Raj Kapoor. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan taurari biyu, ɗaya Musulmi ɗaya ɗan Hindu, a gari guda aka haife su, wato Peshawar, kuma garin nan yau ba ya cikin Indiya. Ya faɗa cikin Pakistan ne a watan Agusta na 1947, lokacin da Turawan Ingila suka tattara nasu ya nasu za su tafi, aka tsaga ƙasar gida biyu bisa addini. A cikin 'yan watanni mutane kimanin miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi Pakistan, 'yan Hindu da 'yan Sik suka nufi Indiya. Masana tarihi sun saɓa a kan yawan waɗanda suka rasa rayukansu, daga masu cewa dubu 200 har zuwa masu cewa miliyan 2.

Tun daga lokacin ake ta jayayya a kan tambaya ɗaya: laifin wa? Wannan sharhi zai duba yadda marubuta uku da abin ya ci da su suka tunkari tambayar. Su ne Khushwant Singh, ɗan Sik, a littafinsa Train to Pakistan na 1956. Da Bhisham Sahni, ɗan Hindu, a littafinsa Tamas. Da Sa'adat Hasan Manto, Musulmi, a gajerun labaransa. Ma'aunin da za mu auna su da shi kuwa Bahaushe ya riga ya ba mu, inda ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shin waɗannan marubuta sun sauko daga kan nasu tudun sun dube shi, ko kuwa na maƙwabci kawai suka hango?

Abin da tarihi ya tabbatar

Kafin mu shiga littattafan, ya kamata mai karatu ya san waɗanda ake tuhuma, domin ba a yi wa ƙagaggen labari irin wannan adalci sai an aza shi kusa da abin da ya faru.

Na farko Turawa ne. Su suka shigo da ƙidayar jama'a tun wajajen 1871, wadda ke rarraba mutane bisa addini, har kowane ɓangare ya fara lissafin yawansa da na abokin zamansa. A 1905 suka raba lardin Bengal ta yadda gabashinsa ya zama Musulmi ne suka fi yawa, ko da yake sun janye a 1911. A 1909 suka kafa tsarin zaɓe na ware, wato Musulmi su zaɓi wakilansu daban. Tun daga nan ɗan siyasa ba ya bukatar ƙuri'ar wanda ba addininsu ɗaya ba, saboda haka ba ya bukatar lallashinsa. Sannan ga gaggawar ƙarshe. Gwamnatin Ingila ta ce za ta miƙa mulki kafin ƙarshen watan Yuni na 1948, amma gwamnanta na ƙarshe, Mauntbatan, ya jawo ranar zuwa 15 ga Agusta, 1947. Aka ɗauko wani lauya mai suna Radkilif, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, aka ba shi mako biyar ya shata iyaka a lardunan Panjab da Bengal. Ba a bayyana inda layin ya bi ba sai ranar 17 ga Agusta, bayan an gama bukukuwan 'yanci. Ashe ke nan dubban ƙauyuka sun wayi gari cikin 'yanci ba su san ƙasar da suke ciki ba.

Na biyu jam'iyyar Muslim Lig ce da shugabanta Muhammad Ali Jinna. Ita ta zartar da ƙudurin Lahor na 1940 mai neman ƙasa daban ga Musulmi, ita kuma ta kira gangamin ranar 16 ga Agusta, 1946, wanda ya rikiɗe ya zama kashe-kashe a Kalkata, aka rasa dubban rayuka cikin 'yan kwanaki.

Na uku jam'iyyar Kongires ce ta su Gandi da Nehru da Patel. Bayan zaɓen larduna na 1937 ta ƙi yin gwamnatin haɗin gwiwa da Muslim Lig a lardin da ake kira Uttar Pradesh a yau, abin da ya sa Musulmi da yawa suka ɗauka haka mulkin masu rinjaye zai kasance. A 1946 ma, da tawagar ministocin Ingila ta kawo shawarar ƙasa ɗaya mai sassauƙar gwamnatin tsakiya, Jinna ya amince, sai Nehru ya yi wata magana a gaban 'yan jarida a watan Yuli da ta nuna jam'iyyarsa na iya sauya tsarin daga baya, Jinna kuwa ya janye. Ba abokan gaba kaɗai suka ga kuskuren Nehru a nan ba. Maulana Abul Kalam Azad, wanda ya shugabanci Kongires daga 1940 zuwa 1946, ya faɗi haka a littafin tarihin rayuwarsa.

Na huɗu su ne masu tsattsauran ra'ayin Hindu irin su Savarkar, wanda tun 1937 yake cewa 'yan Hindu da Musulmi al'umma biyu ne daban, kafin ma ƙudurin Lahor. Daga cikin masu irin wannan ra'ayi aka sami wanda ya harbe Gandi a ranar 30 ga Janairu, 1948. Yana da kyau kuma a tuna cewa ba dukkan Musulmi ne suka so rabuwar ba. Manyan malamai irin su Husaini Ahmad Madani sun yi adawa da ita, kuma talakawa mafi yawa, na kowane addini, ba su da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen 1946 da ya share fagen rabuwar, domin sai mai dukiya ko ilimi ke zaɓe.

Wannan shi ne jerin waɗanda ake tuhuma. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya ɗauki adda ya sare maƙwabcinsa a ƙauyen Panjab. A nan ne aikin masanin tarihi yake raguwa, na marubucin adabi yake farawa.

Khushwant Singh: sharrin da ya zo a jirgi

An gina Train to Pakistan a kan wani ƙagaggen ƙauye, Mano Majra, da ke bakin kogin Satlej kusa da gadar jirgin ƙasa. 'Yan Sik ne masu gonaki, Musulmi suna noma a ƙarƙashinsu, ana zaune lafiya, kuma da wucewar jirage ake gane lokacin tashi da na barci. Wata rana sai jirgi ya iso daga Pakistan cike da gawawwaki, hukuma ta sa mutanen ƙauyen su kawo itace da kananzir don a ƙone su. Daga nan zaman ya lalace. Aka kwashe Musulmin ƙauyen zuwa sansani, wasu samari baƙi suka zo wurin ibadar 'yan Sik suka zuga jama'a a rama, aka ɗaure igiya a kan gadar don ta share mutanen da ke zaune a rufin jirgin da zai kai Musulmi Pakistan. Wanda ya hau ya yanke igiyar, aka harbe shi, jirgin ya bi ta kansa ya wuce lafiya, shi ne Jugga, ɗan daban ƙauyen, wanda masoyiyarsa Nuran, 'yar limamin garin, take cikin jirgin.

Ƙarfin littafin yana wurin da marubucin ya juya kan nasa mutane. Khushwant Singh lauya ne a Lahor, rabuwar ta raba shi da gidansa, yana da dalilin da zai sa ya rubuta littafin ƙorafi a kan Musulmi. Bai yi haka ba. Makircin da ya zaɓa ya nuna mana filla-filla na 'yan Sik ne, a cikin wurin ibadarsu aka ƙulla shi, malaminsu Meet Singh ya ɗan yi magana aka yi banza da shi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Haka kuma bai raga wa masu ilimi ba. Iƙbal, ɗan boko mai wa'azin juyin juya hali, ya san abin da za a yi, amma ya zauna yana shan giya yana kawo wa kansa hujjojin da za su hana shi motsi, har barci ya kwashe shi. Majistare Hukum Chand kuwa ya sako Jugga daga kurkuku ne don wani ya yi abin da shi ya kasa yi da ikonsa.

Amma littafin yana da rauni biyu. Na farko, an wanke ƙauyen fiye da kima. Duk sharrin daga waje yake zuwa, ko a jirgi ko a bakin baƙi, kamar dai mutanen Mano Majra ba su da wani tsohon ƙulli a zuciya. Alhali marubucin da kansa ya gaya mana ɓangare ɗaya ke da gona, ɗayan yana yi masa noma, sai bai bi wannan zare ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa an nuna mana ƙadangaren, an ɓoye mana tsagar. Na biyu, warwarar labarin ta yi kama da ta fim. Soyayyar mutum ɗaya ta ceci jirgi guda, mai karatu ya rufe littafi da sanyin zuciya, ya manta cewa jirage da yawa ba su sami mai yanke musu igiya ba. Turawa kuma kusan babu su a cikin labarin, sai a bakin ƙauyawa masu ganin zamaninsu ya fi kwanciyar hankali.

Bhisham Sahni: wa ya biya kuɗin?

Tamas, wato duhu, an rubuta shi da harshen Hindi, ya fito fiye da shekara 25 bayan rabuwar, ya kuma ci kyautar hukumar adabi ta Indiya a 1975. Sahni haifaffen Rawalpindi ne, ya ga tarzomar da aka yi can a watan Maris na 1947 da idonsa. Labarin ya buɗe ne da Nathu, wani talaka majemi, a kulle cikin ɗaki yana fama da alade. Wani mai faɗa a ji a gari, Murad Ali, ya ba shi rupi 5 ya kashe dabbar, ya ce likitan dabbobi ke bukata. Da gari ya waye sai ga mushen a kan matakalar masallaci. Kafin a ankara an koro saniya za a rama, kasuwar hatsi ta kama wuta, gari ya hargitse.

A ganina wannan shi ne littafin da ya fi sauran fuskantar tambayarmu kai tsaye, domin ya jera masu laifi hawa-hawa. A ƙasa akwai Nathu, wanda hannunsa ya yi aikin bai san abin da yake yi ba, kuma shi kaɗai ne lamirinsa ya hana barci. A sama da shi akwai Murad Ali, wanda ya sayi fitinar da kuɗi. A gefe akwai masu horar da yara, inda muka ga Ranvir, yaro ɗan Hindu, an sa shi ya yanka kaza don a gwada zuciyarsa, daga baya ɗaya daga cikin yaran da yake jagoranta ya daɓa wa wani tsoho mai tallar turare wuƙa. A can ƙoli kuma akwai Richard, Baturen mulki kwatankwacin Di'o a ƙasarmu, mai sha'awar tarihin Indiya da tara gumakanta. Dattawan gari na kowane addini suka same shi suka roƙi ya sa dokar hana fita ko ya sa jirgin sama ya zaga gari, ya ƙi. Bayan an kwana ana kisa sai ya sa jirgin ya zaga, nan take kuwa ƙura ta lafa. Da wannan fage ɗaya Sahni ya nuna cewa ƙin yin abu ma aiki ne, kuma mai iko da ya naɗe hannu yana da kaso a jinin da aka zubar.

Bugu da ƙari, taurarinsa ba farare ko baƙaƙe ba ne ƙal. Rajo, matar aure Musulma, ta ɓoye wasu tsofaffin 'yan Sik biyu a gidanta, alhali mijinta da ɗanta suna waje suna wasoso. Shahnawaz ya sa ransa cikin haɗari don ya taimaki abokinsa ɗan Hindu, amma a cikin gidan abokin ya hankaɗo baransa daga kan bene ba gaira ba dalili. Irin wannan ne ke sa mai karatu ya tsargu, domin ya ga alheri da mugunta a zuciya guda. A ƙarshe aka kafa kwamitin sulhu, aka hau mota ana zaga gari ana kiran zaman lafiya, mai ɗaga murya a gaba kuwa shi ne Murad Ali.

Inda littafin ya yi tuntuɓe shi ne wurin Richard. Hirarsa da matarsa Liza ta zama kamar lacca, yana bayyana mata dabarar raba kan talakawa ɓaro-ɓaro, kamar marubucin yana tsoron kada mu kasa ganewa. Ƙin aika jirgin nan ya isa hujja, sauran bayani ƙari ne. Har ila yau, Sahni ɗan ƙungiyar marubuta masu ra'ayin gurguzu ne, kuma za a lura cewa ɗan gurguzun da ke cikin labarin ya fi kowa fita da tsabta. Ya sauka daga tudun addininsa, amma na siyasarsa bai sauka duka ba.

Manto: su wa ne mahaukatan?

Manto marubucin Urdu ne, ya yi aikin rubuta labaran fim a Bambai, ya ƙaura zuwa Lahor a 1948, ya rasu a 1955 yana da shekara 42. Shahararren labarinsa Toba Tek Singh bai wuce 'yan shafuka ba. Shekara biyu ko uku bayan rabuwa, gwamnatocin biyu suka tuna cewa ba su raba mahaukata ba, sai aka shirya musayarsu. A gidan mahaukata na Lahor labari ya rikita kowa. Wani ya hau bishiya ya ce shi nan zai zauna, ba ya son ko ɗaya daga ƙasashen. Wani ya ce shi ne Jinna, wani ɗan Sik ya ce shi ne shugaban 'yan Sik, aka raba su ɗaki kada a yi tarzoma. Shi kuwa tsoho Bishan Singh tambaya ɗaya yake yi: garinsu, Toba Tek Singh, a ina yake yanzu? Da aka kai su iyaka ya gane garin yana Pakistan shi kuma Indiya za a tura shi, sai ya kafe, ya ƙi motsi, har ya faɗi a ɗan filin da ke tsakanin wayoyin ƙaya na ƙasashen biyu.

Mutane da yawa sukan ce darasin labarin shi ne rabuwar hauka ce. Wannan fahimta tana da haɗari, domin mahaukaci ba a kai shi gaban alƙali. Duk wanda ya ce jama'a hauka suka yi a 1947, ya sallami kowa ke nan. Manto akasin haka ya yi. Mahaukatansa ba su kashe kowa ba, kuma tambayar Bishan Singh ita ce tambayar da miliyoyin masu hankali suka yi a ranakun da aka ɓoye layin Radkilif. Masu hankali ne suka zauna a ofis suka sa hannu. Ba a ambaci laifin kowa ba, amma mai karatu ya san inda yatsa yake nuni.

A wani labarin nasa, Khol Do, wani uba Musulmi da ya tsere zuwa Lahor ya roƙi samari 'yan sa-kai su nemo masa 'yarsa Sakina da ta ɓace a hanya. Sun same ta, amma su ne suka ci amanarta, uban yana ta yi musu addu'a. Musulmi ne ya rubuta wannan, a cikin Pakistan, a 1948, lokacin da kowa ke son jin cewa mugunta a tsallaken iyaka take, har hukuma ta dakatar da mujallar da ta buga shi. A nan Manto ya fi sauran biyun ƙarfin hali. Rauninsa kawai shi ne gajartar zubinsa ba ta ba shi filin nuna asalin fitinar ba. Wanda bai san tarihi ba zai ga ciwon, ba zai san abin da ya jawo shi ba.

Kammalawa

Idan aka haɗa ukun, amsar da ke fitowa ita ce laifin ya rabu, amma bai rabu daidai ba. Bature ya daɗe yana faɗaɗa tsagar, ya kuma tafi a guje lokacin da bangon ke faɗuwa. Shugabannin ƙasa na ɓangarorin biyu sun fifita samun mulki da wuri a kan haƙurin zama tare. Sannan akwai mai biyan rupi 5, da malamin da ya yi shiru, da maƙwabcin da ya hango gonar maƙwabcinsa. Cewa kowa yana da laifi ba daidai yake da cewa babu mai laifi ba, kuma Nathu ba zai taɓa zama ɗaya da Murad Ali ba. Tarihi ma ya nuna layin bai warware matsalar ba, domin a 1971 Pakistan ita kanta ta tsage, Bangladesh ta fita, duk da addini ɗaya.

Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, waɗanda ke son taɓa rikicin addini ko na ƙabilanci a labaransu, akwai abin ɗauka a nan. Kada ka sa mugu ya zama baƙo kullum, ka nemi tsagar da ke cikin gida. Kada ka sa tauraro ya tsaya yana yi mana lacca, ka bar aikinsa ya yi magana. Ka bi sawun kuɗin, ka nuna wanda ya ci riba bayan ƙura ta lafa. Kada ka fake da cewa shaiɗan ne ko hauka ce, domin mutane ne masu suna suka yi. Abu mafi wuya kuma, ka fara da naka. Ɗan Sik ya rubuta makircin 'yan Sik, ɗan Hindu ya rubuta yaron Hindu mai wuƙa, Musulmi ya rubuta 'yan sa-kan Musulmi, shi ya sa har yau ake karanta su a ɓangarorin iyakar biyu. Littafin da ya wanke mutanen marubucinsa tas zai iya samun kasuwa a unguwarsu, amma ɗan tsallaken titi ba zai yarda da ko shafi ɗaya nasa ba.